Kukan Dare Na Yaron Da Ba Ya Iya Faɗin Inda Ke Yi Masa Ciwo

 A wannan mako za mu leƙa wani ɗaki wanda yawancin masu gida ba su cika kwana a cikinsa ba.

Da wuya a sami unguwar da ba ta da gida ɗaya ko biyu inda a ke da yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar bai zauna ba, ko wuyansa bai tsaya ba, ko kuwa ƙafafunsa su harɗe kamar almakashi in an ɗaga shi. Da rana kowa na ganinsa kwance bisa tabarma a tsakar gida, a yi masa sannu a wuce. Da dare kuwa maƙwabta ne suka san shi, domin kukansa ya kan tsallake katanga tun bayan lisha har kiran sallar farko. Mutane sun riga sun yanke hukunci a kan wannan kuka: wadansu su ce halinsa ne, wasu su ce rigima ce, wasu su ce mutanen ɓoye ne su ke zuwa masa in dare ya raba. Abin da na ke so mai karatu ya riƙe shi ne, mafi yawan lokaci wannan kuka ciwo ne. Ciwon yana da wuri a jiki, ana iya gano wurin, kuma sau da yawa ana iya sauƙaƙa shi da abin da bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ba.

Da farko dai mu san larurar. Likitoci suna kiranta da Turanci serebiral falsi, watau rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko a lokacin haihuwa, ko a farkon shekarunsa na duniya, ya taɓa sashen da ke sarrafa motsi da zama da tsayuwa. Kada a haɗa ta da shan-inna. Ita shan-inna ƙwayar cuta ce da ke kama laka, ta bar ƙafa ta saki ta tsotse, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta, bayan na ƙarshe da aka gani a Jihar Borno a 2016. Wannan kuwa mafi yawan yaran da ta sama jikinsu tauri ya ke yi, tsoka ta ɗaure ta ƙi sakewa. Wani likitan Ingila mai suna Wiliyam Litil ne ya yi bayaninta gaban likitocin haihuwa a Landan a 1861, ya danganta ta da wahalar naƙuda da haihuwar bakwaini.

A ƙasarmu sanadinta ba ɓoyayye ba ne. Akwai doguwar naƙuda a gida har jariri ya fito bai yi kuka ba. Akwai shawarar jarirai wadda a ke gani idon jariri ya koma ruwan ɗorawa, a tsaya ana shanya shi a hantsi ana ɗura masa ruwan sukari, alhali asibiti na da fitilar da ke kashe ta kafin ta hau kai. Har ma kafur ɗin da a ke zubawa cikin kayan jego yana fasa jinin waɗansu jarirai ya tsananta ta. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai sa suma, akwai kuma sanƙarau, wanda a annobar 1996 kaɗai ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, ya bar waɗansu da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. A duniya ana samun yaro 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da wannan larura, kuma wani bincike da aka yi gida-gida a gabashin Uganda, aka buga a 2017, ya sami kusan 3 cikin 1,000. Shi raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Amma jikin yaro yana girma, ƙashi yana tsawo tsoka ba ta bin sa, daga nan ne ciwo ke samun ƙofa.

A 2012 waɗansu masu bincike a Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Iona Novak, suka tattara sakamakon bincike masu yawa a kan irin waɗannan yara. Suka sami 3 cikin 4 suna fama da ciwo, 1 cikin 3 ƙugunsa ya goce, 1 cikin 4 yana da farfaɗiya, 1 cikin 4 ba ya magana, 1 cikin 5 kuwa yana da matsalar barci. To, mai karatu ya haɗa biyu daga cikin waɗannan alƙaluma da kansa: yawancinsu suna jin ciwo, kuma da dama daga cikinsu ba su da bakin faɗa. Mene ne ya rage musu in ba kuka ba?

Babban abin da ya kamata a fara zargi shi ne ƙugu. Tsokar cikin cinya tana jan ƙafa zuwa ciki dare da rana, yaron kuma ba ya tsayuwa balle nauyin jikinsa ya zaunar da ƙashi a gurbinsa, sai kan ƙashin cinya ya dinga zamewa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba wanda ya lura. Alamarsa ita ce yaro ya ƙwalla ƙara in an buɗa ƙafafunsa za a yi masa tsarki ko za a sa masa wando, ko a ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko ya ƙi kwanciya a wani gefe sam. Abin lura a nan shi ne ana iya riga wannan. A kudancin Suwidin an fara wani tsari a 1994 na ɗaukar hoton ƙugun kowane yaro mai wannan larura lokaci-lokaci, tun kafin ya yi ƙorafi, a yi masa magani ko ƙaramin aiki da zarar an ga ƙashin ya fara tafiya. Gocewar ƙugu gaba ɗaya ta sauko daga yara 8 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. Ba wata na'ura ta musamman suka yi amfani da ita ba, hoton ƙashi ne irin wanda a ke ɗauka a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Uban da yaronsa ya kai shekara biyu ko uku ba ya tafiya, yana da haƙƙin ya buɗe baki ya tambayi likita a duba ƙugun. Sai dai in gargaɗi 'yan'uwa game da kai irin wannan yaro wurin maɗori a ja masa ƙafa da ƙarfi wai a miƙar da ita. Ƙashin yaron da ba ya takawa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa a hannun mai ja, a dawo gida da ciwo biyu.

Na biyu, ciki. Yaron da ba ya motsi, ba ya iya shan ruwa sosai saboda ƙwarewa, abincinsa kuma kullum koko ne da shayi, bayan gidansa ya kan yi tauri ya kwana uku ko huɗu bai fita ba. Wanda ya taɓa jin murɗar ciki ya san ba a barci da ita. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da miyar kuka da kuɓewa da zogale, da gwanda da mangwaro in lokacinsu ne, suna taimakawa ƙwarai, in abin ya ƙi kuma likita yana da magani mai laushi wanda ya dace da yara. Haka nan ƙwannafi: bakin tumbin waɗannan yara ya kan yi sako-sako, in aka ciyar da yaro a kwance, ko aka kwantar da shi da gama cin abinci, tsamin ciki ya taso ya ƙona maƙogwaro, sai ka ga ya banƙare baya yana kuka, a ce ai ga aljanun nan sun zo. A ciyar da shi a zaune, kansa a tsaye, a bar shi a jingine kamar rabin sa'a, a kuma ɗan ɗaga shimfiɗarsa ta wajen kai.

Haƙori ma kada a manta da shi. Bakin da ba ya buɗuwa da sauƙi ba a cika goge shi ba, magungunan ruwa kuma cike su ke da sukari, wani maganin farfaɗiya ma yana kumbura dasashi. Yaro na iya shekara da kogon haƙori ba wanda ya haska bakinsa da tocila. Haka kunne mai ruwa, da ciwon mafitsara.

Akwai kuma wani abu wanda lafiyayye ba ya tunawa da shi domin Allah ya hutar da shi. Kowannenmu yana juyawa sau da yawa cikin barci ba tare da ya sani ba. In gefe ya gaji, jiki ya juya da kansa. Wannan yaro inda aka ajiye shi nan zai wayi gari. Ƙashin ƙugu da diddige da ƙeya su danne tabarma sa'a bayan sa'a har fata ta yi ja, in aka yi sakaci ta zama gyambo. Sauro ya cije shi ba ya iya kora, zafin bazara ya dame shi ba ya iya ture mayafi, sanyin hunturu ya ƙara ɗaure masa tsoka ba ya iya jawo bargo. Don haka wani kukan na tsakar dare ma'anarsa kawai ita ce a juya ni. Katifa mai laushi, da gidan sauro, da matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyi don kada su harɗe, da wani a bayansa ya tokare shi in yana kwance a gefe, waɗannan ma'aikatan sashen gashi na asibiti suna nuna wa iyaye yadda a ke yin su, kowane yaro da irin kwanciyar da ta dace da shi.

Ba kowane rashin barci ne daga ciwo ba, gaskiya. Farfaɗiya ta kan zo cikin barci ta farkar da yaro a firgice. Wanda idonsa ke da rauni, ko wanda a ke bari yini guda a ɗaki mai duhu don kunyar baƙi, jikinsa ba ya bambanta dare da rana, domin hasken da ke shiga ido shi ne ke saita lokacin da ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin barci mai suna melatonin. Maganin farfaɗiya irin fenobabiton ya kan sa yaro ya yini yana gyangyaɗi, dare ya yi ido biyu. Wani kuma minshari ya ke yi har numfashi ya ɗauke ya dawo, ko yawu ya sarƙe shi. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan yara 173 a ƙasar Ailan ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 suna da aƙalla nau'i ɗaya na matsalar barci. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar sa'a 10 zuwa 13 na barci a yini da dare, mai 6 zuwa 12 kuwa sa'a 9 zuwa 12. In bai samu ba, jin ciwonsa ya ƙaru, farfaɗiya ta sami hanya, tsoka ta ƙara tauri, taurin ya sake hana barci. Fitar da shi hantsi kowace safiya, da rage masa barcin la'asar, da kwantar da shi a lokaci guda kullum, ba su cin ko kwabo.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi. Babu Musulmin da ke musun addu'a, kuma tofa wa yaro addu'a a lokacin kwanciya alheri ne. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani, bai ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Abin da ba shi da tushe shi ne a dubi ɗan Adam mai rai, wanda aka yanka wa rago aka raɗa wa suna, a ce ɗan ruwa ne, ko an musanya shi, har a kai ga tunanin rabuwa da shi. Wannan magana ta jahiliyya ce, ransa kuwa yana da alfarma daidai da ran liman. Haka nan rufe yaro a ɗaki ana turara masa hayaƙi, shi da ƙirjinsa ya riga ya raunana da sarƙewa, ko a yi masa tsaga a jiki, ƙarin azaba ne a kan wanda ba ya iya gudu.

Ɗaya hanyar da a ke bi in an gaji ita ce kantin magani na bakin titi: a ba ni abin da zai sa shi barci. Ina roƙon 'yan'uwa su ji tsoron Allah a nan. Magungunan sa barci suna rage ƙarfin numfashi da haɗiya, yaron da dama yawu ke sarƙe shi yana iya kwanciya ya ƙi tashi. Maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, haɗari ne ga ƙananan yara ko da lafiyarsu lau. Ba mu kuma manta da maganin haƙorin jarirai da ya gurɓace a 2008 ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan ba. Likitoci suna da magungunan sassauta tsoka irin su bakulofen da dayazefam, da allurar da a ke yi wa tsokar da ta ɗaure, da melatonin, amma kowanne da awonsa bisa nauyin yaro, kuma ba a tsayar da su ko maganin farfaɗiya farat ɗaya don kuɗi sun ƙare ko don an ga sauƙi. Tsayarwar gaggawa tana iya tayar da jijjiga mai tsanani. Ko farasitamol ma, in ana ba yaro kullum dare ba a san abin da ke ciwon ba, rufe tukunya ne a kan wuta.

To, wa ke ɗauke da wannan dare? Uwa. Ita ke tashi sau biyar sau shida ta juya shi, ta goya shi yana da shekara bakwai har bayanta ya lalace, asuba ta yi ta ɗora tukunya, ta shirya sauran yara makaranta. Maigida yana turakarsa, in kukan ya yi yawa ya leƙo ya ce a rarrashe shi mana, gobe da ofis, gobe da kasuwa. Matar da ta shekara ba ta yi barcin sa'a huɗu a jere ba, in ta zama mai saurin fushi ko mantuwa, ko ta yi ta kuka ba dalili, ba rashin tarbiyya ba ne, jiki ne ya ƙare. Sau nawa muka ji an saki mace da irin wannan yaro, a ce daga danginta abin ya fito, ta koma gidan tsoho da shi a baya, uban ya yi sabon aure?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, amma da sharaɗin ba shi da naƙasar da ta hana shi nema; in yana da ita, nauyin bai sauka ba. Littafin ya kuma ɗora wa miji mai yalwa ya samar wa matarsa mai taya ta aiki. Ashe ke nan ɗaukar wadda za ta karɓi uwa ta runtsa da rana ba gata ba ne a gidan mai hali. Shari'a ta ba uwa reno, amma ba mu ga inda ta hana uba ya tashi ƙarfe biyu na dare ya juya ɗansa ba. Mutumin da ke iya tashi nafila, ko ya kwana a hanyar Legas bayan kaya, zai iya karɓar dare biyu a mako. A gidan da ke da abokiyar zama ko 'yan mata manya, tsara kwana tsakaninsu aikin maigida ne, da lallashi da kyautatawa. Masu fitar da zakka kuma su tuna da irin waɗannan gidaje in matalauta ne, domin kuɗin mota zuwa sashen gashi kowane mako da maganin farfaɗiya na kowane wata su ne ke fara karya su. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta tanadi a ba su fifiko a layi, ma'aikatan da ke karanta wannan fili su ne za su aiwatar da ita a tagoginsu.

Akwai wani aiki wanda ya dace da masu karatunmu musamman. Ɗan kasuwa ba ya barin bashin sisi bai rubuta ba, ma'aikaci kuwa rayuwarsa fayil ce. To, a sayi ƙaramin littafi a ajiye kusa da shimfiɗar yaro, a yi mako biyu ana rubutawa: ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, me ya ci da daddare, yaushe rabonsa da bayan gida, wane gefe ya ke kwance lokacin da ya fara kuka, me aka yi ya yi shiru. A lura da fuskarsa ko ya yamutsa ta, da ƙafafunsa ko ya naɗe su ko ya miƙar da ƙarfi, da ko rarrashi yana kama shi. Da irin waɗannan alamu ne ma'aikatan jinya su ke auna ciwon yaron da ba ya magana, uwa kuwa ta fi kowa sanin wace fuska ce ta yunwa wace ce ta ciwo, don haka a bar ta ta yi bayani da bakinta a gaban likita, kada maigida ya amshe maganar. In abin ya yi kama da farfaɗiya, a ɗauka da wayar hannu a nuna. Likitan da ke da layin mutum sittin a waje zai fi amfana da shafi biyu na wannan littafi fiye da a ce masa yaron dai ba ya barci.

Amma akwai abubuwan da ba a jiran littafi ya cika: jijjigar da ta wuce minti biyar, zazzaɓi tare da numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi cikin barci, ƙafa ta kumbura yaro ya ƙi a taɓa ta, ko ciki ya kumbura da amai. Waɗannan a nufi asibiti a daren, ko da kuwa sai an tashi maƙwabci mai mota.